Ina son karanta zane a Birtaniya, ta wace ƙofa zan shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Na gama sakandare kuma ni dai zane nake so tun ina ƙarama, musamman zanen tufafi, yayana da ke karatu a Ingila ya ce zai tsaya min in nemi jami'a a can. To na shiga intanet duk na rikice, wani wuri an ce akwai hanyar A da hanyar B a UCAS, wato hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, wani wuri an ce 24 ga Maris ake rufewa, wani kuma ya ce sai na yi faundeshan, wato shekarar share fage, tukuna. Wanne zan ɗauka? Daga ƙanwarki mai son zane.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai dole ki rikice, tsohon bayani kika ci karo da shi, intanet kuwa ba ta share shararta. Hanyar A da hanyar B an yi su da gaske, a da masu neman kwas ɗin zane kan iya bin hanyar B su zaɓi makarantu uku a jere, a tura takardunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma ana rufewa a Maris saboda 'yan faundeshan su samu lokacin haɗa ayyukansu. Amma tun daga shigar 2010 aka soke wannan rabon, ita ma ranar 24 ga Maris ɗin da ta saura wa wasu kwasa-kwasai daga baya an cire ta. Ki manta da su kawai.

Yanzu ƙofa biyu ce a gabanki. Ta farko digiri kai tsaye ta UCAS, fom ɗaya, zaɓi har biyar, kuma ranar da ya kamata ki riƙe tana cikin Janairu, sai dai tana ɗan motsawa shekara zuwa shekara don haka ki duba ta shekararki a shafinsu. In kuma Ruskin School of Art ta Oxford kike hari, to ita tun 15 ga Oktoba ake rufewa. A fom ɗin akwai bayanin kai na harafi 4,000, wanda daga shigar 2026 aka raba shi zuwa tambayoyi uku, sai wasiƙar shaida daga malaminki.

Ta biyun ita ce faundeshan ɗin da kika ji, difloma ce ta shekara ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe domin galibi ba ta UCAS ake nemanta ba, makarantar kai tsaye ake nema kuma kowace da ranarta. Ba dole ba ce a kowace jami'a, amma ni in kin tambaye ni, ke da kika fito daga sakandare yanzu ita zan nuna miki. A shekarar nan za a sa ki taɓa komai, fenti, ɗab'i, sassaƙa, yadi, hoto, sannan ki tsaya kan guda, kuma ba abin mamaki ba ne wadda ta shiga da niyyar zanen tufafi ta fito ta ga ashe zanen yadin ne ya fi kama ta. Sannan jami'o'i da yawa a can ba sa ɗaukar takardar sakandare ta wasu ƙasashe daidai da A level, wato jarrabawar ƙarshen sakandare ta can, kin ga ko ba don zanen ba ma wataƙila sai kin yi shekarar share fage. Babu abin da ya hana ki nemi biyun a lokaci guda.

To amma fa ki ji, fom ba shi ne ke shigar da mutum makarantar zane ba, fotfoliyo ne, wato tarin ayyukanki. Bayan kin tura fom makarantar za ta ce ki ɗora shi ta intanet, wani lokaci 'yan kwanaki kawai za su ba ki, wanda bai fara haɗawa ba sai lokacin wallahi ya makara. Kuma abin da 'yan uwa ke yabawa a gida, wato ki kwafi hoton fuskar wani ya fito sak kamar na kyamara, ba shi ne ya fi burge su ba, su so suke su ga yadda kike tunani, littafin zanenki da gwaje-gwajen da suka lalace, zanen abin da kika kalla da idonki, yadda aiki ya taso daga ɗan ra'ayi har ya zama riga. Kowace makaranta na faɗin yawan shafukan da take so, kada ki tura musu abu ɗaya dukkansu ba ki karanta sharaɗinsu ba. Wasu kuma za su kira ki intabiyu.

Wajen zaɓi, kada ki zuba biyar ɗin duka a manyan suna. Central Saint Martins da London College of Fashion duk ƙarƙashin University of the Arts London suke mai kwalejoji shida, kuma masu nema sun yi yawa, ki haɗa da wasu. Royal College of Art kuwa kada ki ɓata lokaci, ta masu digiri na biyu ce. Ki kuma sa wa yayanki a lissafi cewa digiri a Ingila yawanci shekara uku ne, amma a Sikotlan, irin su Glasgow School of Art, huɗu ne.

Tambaya daga wani mai karatu: Anti ni Janairun ya wuce ni, shi ke nan na rasa bana?

Amsa: A'a ɗana, ba ka rasa ba tukuna. UCAS na karɓar fom har 30 ga Yuni, sai dai bayan ranar Janairu makaranta ba dole ta duba naka ba, in ta cika ta cika. Wanda ya zo bayan Yuni sai Clearing, inda ake cike guraben da suka rage daga Yuli. Kafin ka tura, ka aika wa sashen saƙo ka tambaya ko akwai sauran wuri, kuma fotfoliyonka ya zama a shirye ranar da ka aika saƙon, don a wannan lokacin ba sa jiran kowa.