Tauraruwa mai wutsiya, Kaza da 'Ya'yanta, da sunayen abin da madubin hangen nesa ke ɗaukowa

Tambayoyin da ke hannuna wannan karon duk hotunan sararin samaniya ne suka jawo su, irin waɗanda ake ɗauka da manyan madubban hangen nesa kamar Hubble da James Webb.

Wani malamin firamare ya rubuto cewa ya karanta wai tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce sam. Yana so ya san ko Bahaushe ya yi kuskuren suna ne, kuma mece ce ainihin ma'anar "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba".

Malam, ba kuskure ba ne. A Hausa kalmar tauraro ta game duk wani ɗigon haske da ke sama da dare, ban da wata. Shi ya sa muke kiran Zara, matar wata, tauraruwa, muke kiran Gamzaki tauraron asuba, alhali abu ɗaya ne yake fitowa wani lokaci da almuru wani lokaci da asuba, kuma duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Sunan yana faɗin abin da ido ya gani. Masu ilimin taurari ne suka ƙuntata kalmar ga abin da ke ƙuna yana ba da hasken kansa kamar rana, kuma a wannan ma'aunin ne mai wutsiya ta fita daga sahu. Ita curi ce ta ƙanƙara da ƙura da tsakuwa. Lokacin da kumbon Giotto ya ɗauki hoton wata mai wutsiya da ake kira Halley daga kusa a watan Maris na 1986, sai aka ga curin bai wuce kilomita 15 a tsawo ba, kuma baƙi ne wuluk kamar gawayi. In ta kusanci rana, ƙanƙarar sai ta zama tururi ta kwaso ƙura, daga nan wutsiyar take samuwa.

Ka nuna wa ɗalibanka abu biyu a hoton tauraruwa mai wutsiya. Na farko, sau da yawa wutsiya biyu ce: ɗaya fara-fara mai ɗan lanƙwasa, ta ƙura, ɗaya shuɗiya siririya miƙaƙƙiya, ta iskar gas. An ga haka sarai a hotunan wata mai wutsiya da ake kira Hale-Bopp na 1997. Na biyu, a nan ne kalmar wutsiya ke ruɗin yara. Wutsiyar doki tana bayansa duk inda ya nufa, amma ta wannan tauraruwa kullum ɓangaren da ba rana take fuskanta, don hasken rana da iskar da rana ke fesowa su ke tura ta. Idan tana komawa daga wajen rana, wutsiyar ce ke gaba. Kada kuma a haɗa ta da hasken nan da ke giftawa fyau ya ɓace cikin ƙiftawar ido. Wannan 'yar tsakuwa ce ta ƙone a iskar duniyarmu. Mai wutsiya tana yin makonni ana ganinta, kamar a tsaye take.

Karin maganar kuwa daga tsohon camfi ta fito, cewa bayyanarta ishara ce ta mutuwar babban mutum ko yaƙi ko yunwa. Yau ba sama ake kallo in za a faɗe ta ba. Mutum ake jefa wa, wanda ba ya leƙowa sai da mugun labari ko rigima, ko wanda duk zuwansa sai an yi asara. Lura da "ganinki": da mace ake magana, shi ya sa a karin magana tauraruwa ce ta zauna, ko da yake "tauraro mai wutsiya" ma Hausa ce mai kyau. Ina roƙon a koya wa yara karin maganar yadda take, a kuma gaya musu cewa ta Halley an san lissafin zuwanta: ta zo a 1910, ta zo a 1986, ana jiran ta a 2061, kusan duk shekara 76.

Wata ɗalibar jami'a ta ce ta ga hoton Kaza da 'Ya'yanta cike da ɗaruruwan taurari cikin wani shuɗin hayaƙi, kuma ta ga ana fassara shi da "gungun taurari", ana kuma kiran galaksi da wannan sunan. Wanne ne daidai?

'Yata, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kaza da 'Ya'yanta, wasu su ce Kaza Mai 'Ya'ya, ita ce Larabawa ke kira Surayya, sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu mata. Ido yana ganin shida ko bakwai a cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki sun kewaye uwa. Madubi ya nuna sun haura dubu, an haife su tare daga gajimare ɗaya shekaru wajen miliyan 100 da suka wuce. Shuɗin hayaƙin ƙura ce da haskensu ke faɗawa a kanta. Wannan shi ne gungu na gaskiya, kuma kalmar ta dace, don gungu a Hausa taro ne da za ka iya nunawa da yatsa ka ce ga iyakarsa. Iri biyu ne. Akwai sakakken gungu irin na Kaza, inda taurarin ke da tazara. Akwai dunƙulallen gungu, mai kama da curin fura, irin Omega Centauri mai taurari wajen miliyan 10, wanda ake iya hangowa can kudu daga ƙasar Hausa da dare a watannin Afrilu da Mayu.

Galaksi kuwa ta wuce gungu nesa ba kusa ba. Wadda muke ciki tana da taurari sama da biliyan 100, kuma Kaza da Omega Centauri duk a cikinta suke. Idan gungu unguwa ce, galaksi ƙasa ce sukutum. Kiran su da suna ɗaya yana sa mai karatu ya kasa bambanta unguwa da ƙasa. Shawarata a bar "gungun taurari" ga gungu, a rubuta "galaksi" da harafin Hausa, a yi mata bayani a karon farko da aka ambace ta. Mun ari mota da kwamfuta, harshen bai ragu da komai ba.

Wani mai fassara a gidan rediyo yana neman kalmar da za ta maye gurbin nebula. Ya ce yana tsakanin girgije, gajimare da hazo.

Ɗan'uwa, asalin kalmar Latin ce, ma'anarta gajimare ko hazo. Tun shekarar 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta wani tabo a sama da ɗan ƙaramin gajimare. Abin da ya gani shi ne Andromeda, kuma an yi ta kiran ta nebula har sai da masanin taurari Edwin Hubble ya auna nisanta a shekarun 1920 da madubin dutsen Wilson a Amurka, aka gane galaksi ce mai zaman kanta. Don haka ka duba shekarar rubutun da kake fassarawa. A tsofaffin littattafai nebula tana iya nufin galaksi.

Cikin ukun, girgije yana ɗauke da ruwa a kunnen Bahaushe, hadari ke biye da shi, saboda haka ya fita. Hazo yana da ƙura, wannan ya yi daidai, amma hazo ba shi da siffa, lulluɓe gari yake yi. Gajimare ne ke da siffa da iyaka. Ni "gajimaren gas da ƙura" nake zaɓa, in maganar ta yi tsawo a taƙaita zuwa "gajimaren samaniya". Ka kuma ƙara masa siffa gwargwadon aikinsa, don wani wurin haihuwar taurari ne, kamar na Orion, wani kuma ragowar tauraron da ya mutu ne.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo take. Ya ce ya leƙa ƙaramin madubin hangen nesa bai ga ja ko kore irin na hotuna ba sai toka-toka. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo?

Baba, karin maganar ana yin ta ne ga wanda ya ɗauki abu maras daraja a matsayin mai daraja saboda kamanni, don ɓararren rogo fari ne fat kamar kitse. A nan abin da ke hoton yana nan da gaske, launin ne ke bukatar bayani. Idon mutum ba ya rarrabe launi in haske ya yi rauni, shi ya sa kuka ga toka-toka. Kyamara kuwa tana buɗe ido na mintoci ko sa'o'i tana tara haske. Ta Hubble, wanda aka harba a 1990 da madubi mai faɗin mita 2.4, hoto baƙi da fari take ɗauka, sau da yawa, kowane ta cikin matacin haske daban, sannan a ba kowanne launi a haɗa. A shahararren hoton ginshiƙan gajimaren Mikiya na 1995, an ba hasken farar wuta ja, na haidirojin kore, na oksijin shuɗi, alhali hasken haidirojin ɗin ja ne a zahiri. An yi haka ne don a bambanta sinadaran. James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, yawancin hasken da yake kamawa ido ba ya ganinsa ko kaɗan, dole a fassara shi zuwa launin da muke gani. Don haka a rubutu "launin fassara" ya fi "launin ƙarya" adalci. Tsinkayen hasken da ke fitowa daga taurari a hoto ma na madubin ne: huɗu a na Hubble, manya shida a na Webb.

Karin maganar da ta fi dacewa da hotunan ita ce "hangen Dala ba shiga birni ba", saboda nisa. "Shekarar haske" ma'aunin nisa ne, tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Kaza tana nisan shekarar haske wajen 440, Andromeda miliyan 2.5.

In kuna son sake gwadawa, Baba, ku zaɓi daren da babu farin wata, ku fita bayan gari nesa da fitilu, ku yi minti 20 ba ku kalli waya ko tocila ba, don ido ya saba da duhu. Tabarau mai hangen nesa na hannu, mai lamba 10x50, ya fi babban madubi kyau wajen kallon Kaza, saboda yana ɗauke ta gaba ɗaya. A watan Janairu bayan sallar isha'i tana kusan tsakar ka. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada hoton ya yi rawa, abu mai dushi-dushi kuma ku kalle shi ta gefen ido, ya fi fitowa. Daren da hunturu ya tayar da hazo kuwa ku haƙura, ku jira ƙurar ta kwanta.