Burukutun Kaka da ka tambaya

Ɗana, na ga saƙonka. Wai in rubuto maka yadda Kaka take dafa burukutu a Pankshin, ka riƙa yi duk mako a ɗakinka na Abuja kana ɗurawa a kwalba. Sai da na dara.

Yinsa ba asiri ba ne. Jar dawa ake jiƙawa ta kwana, a tsane ta, a baza a ɗaki a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma kwana uku ko huɗu har ta yi tsiro. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa. Sai a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake ɗorawa a wuta. Dahuwar nan ta biyu ita ke cin itace da haƙuri. In ya huce a tace, a zuba ɗan tsohon burukutun da aka rage, kafin gari ya waye randa tana kumfa tana gunaguni. Mudu nawa, ruwa nawa? Kaka ba ta taɓa aunawa ba, da harshe take ganewa. Dusar kuwa ta aladu ce.

To, ka ga kusan mako guda ke nan, abin kuma ba ya wuce kwana biyu sai ya koma tsami zalla. Shi ya sa ba a dafa shi haka siddan. Ranar gayya ake fara sawa, sannan a ƙirga kwanaki baya a jiƙa dawa. Duk wanda ya ga tsiro a shanye a gidanmu ya san ya wasa fartanyarsa. Mos, yadda muke ce masa da Ngas, shi ne ladan noma, shi ake kaiwa gidan surukai da gidan makoki. Mai dafawa ce ke fara kurɓa a gaban jama'a don hankali ya kwanta, a ɗan zuba wa kakanni a ƙasa, sannan ƙwarya ta zagaya daga babba zuwa ƙarami.

Ni dai ka san tun da na shiga zumuntar mata ta coci na ajiye, kunun tamba nake damawa. Tun zuwan 'yan mishan Wase a 1904 ake ta kai ruwa rana a kan shansa, ba ni zan raba gardamar ba. Sai dai kada ka kwatanta shi da goskolo, barasar nan mai ƙarfi da ke cinye mana samari a nan Jos.

Batun kwalba kuwa, ka toshe shi zai fashe maka, don bai gama tashi ba. Ka zo da Kirsimeti, innarka tana dafawa har yanzu. Kai za ka faskara itacen.