Ihsan ya dace da ɗa namiji?

'Yar'uwa, kin ce maigidanki yana son a raɗa wa jaririnku Ihsan, ke kuma kina ganin sunan mata ne. Ki kwantar da hankalinki, ya dace da namiji ƙwarai. A Turkiyya da Pakistan galibi maza ne ke amsa shi. Fitaccen malamin nan na Pakistan da ya rasu a 1987, Ihsan Ilahi Zahir, ai namiji ne. Ma'anar sunan kuwa tana cikin hadisin Jibrilu: ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Ni kam sunan yana shiga raina.

Abu ɗaya dai zan ja hankalinki a kai: a nan Arewa 'yan mata aka fi kira da shi, kamar su Iman da Amal. Ɗan ƙanwata mai suna Ihsan, ranar farkonsa a Islamiyya malami ya rubuta shi cikin jerin 'yan mata, yara suka yi ta yi masa dariya, ya dawo gida hawaye shaɓe-shaɓe, jakarsa a hannu. Don haka ranar suna ku gaya wa liman ya raɗa Muhammad Ihsan, a kuma rubuta shi haka a takardar haihuwa.