Amsa: Ina zan samo sifirin tayar wutsiya na tsohon ƙaramin jirgin sama Piper J-3 Cub?

Malam, ka ce sifirin tayar wutsiyar Cub ɗinka ya kwanta, tayar kuma tana karkarwa idan ka sauka. Mai yiwuwa karkarwar daga sifirin ɗin take. Idan ya gaji ya lanƙwashe, sandar da tayar ke juyawa a kanta sai ta karkata, shi ke nan tayar ta kama rawa.

Fara da kamfanin Univair da ke Colorado a Amurka. Sun daɗe suna ƙera kayan tsofaffin Piper da amincewar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka. Kamfanin Aircraft Spruce ma suna sayarwa. Amma kafin ka yi oda, ɗauko littafin kayan jirgin ka duba lambar, ka auna faɗin fallen ƙarfen, ka ƙirga falle nawa ne. Ka kuma duba ko tayarka ƙirar Scott ce ko ta Maule, don mazauninsu ba lallai ya zo ɗaya ba.

Don Allah kada ka kai tsohon wurin maƙeri ya gasa ya miƙar. Wuta na kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana ya karye kana tsakiyar gudu. Kusoshin da ke riƙe shi ma ka sa sababbi, injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu.