Mota ta buge mai keke a Yamai: wa ke da laifi, wa zai biya?

Wa alaikumus salam. Allah ya ba mai raunin lafiya, ya kiyaye gaba.

Malam, in na fahimci tambayarka: ƙanenka yana tuƙi wajen Wadata bayan Magariba, mai keke ba fitila ya shigo ta hannun da ba nasa ba, mota ta buge shi, ƙafa ta karye. Danginsa na son ku ba da kuɗi a kashe magana a gida, mutane kuma na ce muku ai mai mota ne da laifi kullum.

Wannan magana ta mutane tana da tushe, amma sun haɗa abu biyu da doka ta raba. Wanda ya yi laifi daban, wanda zai biya jinya daban.

Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke tsara harkar inshora, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Aya ta 228 ta ce duk wanda mota ta ji wa rauni, matuƙar ba shi ma abin hawa mai inji yake tuƙawa ba, za a biya shi diyyar raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba. Sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi, kamar mai neman kashe kansa. Keke ba shi da inji, don haka mai keke yana layi ɗaya da mai tafiya a ƙasa. Rashin fitila da bin hannun da ba nasa ba ba za su hana a biya masa ƙafarsa ba, kuma asirans, wato inshorar motar ƙanenka, shi ne zai biya. Dalilin da ya sa aya ta 200 ta tilasta wa kowace mota asirans ke nan. Da babur ne, ko ɗan kabu-kabu, da lissafi ya canza: aya ta 227 ce za ta hau kansa, kuskurensa ya rage masa diyya ko ya soke ta.

Inda kuskuren mai keke ke cizonsa shi ne wajen dukiya. Keken da ya lanƙwashe, wayar da ta fashe, kayan da ya ɗauko daga kasuwa, waɗannan ana duba laifinsa, a rage ko a hana. Gilashin motarku kuwa, in asirans ɗin na dole kaɗai gare ku, ba zai gyara muku ba. A takarda kuna iya bin mai keken, amma kai ma ka san abin da za a samu hannun mutumin da ke kwance da karaya.

Sai ɓangaren hukunci, nan ne ake auna laifin direba da gaske. Jikkata mutum ba da niyya ba laifi ne in akwai sakaci: gudu fiye da kima cikin gari, waya a kunne, fitila ɗaya a mace, birki marar kamu, wuce keke dab da jikinsa, ko buɗe ƙofa ba a duba madubi ba. Direba yana iya fita wanke a nan, asirans kuma ya biya duk da haka. Ku sani kuma yafiyar dangi ba ta rufe wannan ƙofa da kanta, domin mai gabatar da ƙara ne ke da ikon ci gaba ko dakatawa.

Duk wannan ya rataya ne kan konsta, wato binciken da jami'an tsaro ke yi a wurin hatsari. Cikin gari ƴan sanda ne, bayan gari jandarmomi. Su ne ke auna alamar birki, su zana inda keke ya faɗi da inda mota ta tsaya, su ɗauki sunan shaidu. Doka ta ce su aika wa kamfanin asirans rahotonsu, PV, cikin wata 3, amma kada ku zauna jira, ku riƙa leƙawa. In an riga an janye motar kafin su zo, har yanzu ƙanenka ya tafi komisariya ya ba da bayani, da parmi (lasin tuƙi) da kart giriz (takardar mota) da takardar asirans, da duk hoton da aka ɗauka a wurin. Ga sauran ƴan uwa da ke karatu: lambar waya 17 ƴan sanda, 18 pompiye (masu kashe gobara). In jama'a suka taso kuna tsoron duka, ku wuce komisariya mafi kusa kai tsaye. Wanda ya wuce gida ya kwanta ya ƙara wa kansa laifin gudu bayan hatsari.

Abin da ya fi gaggawa yau shi ne sanar da kamfanin a rubuce, cikin kwana 5 na aiki, a buga muku hatimi a kan kwafin da za ku riƙe. Kuma kada ƙanenka ya sa hannu kan wata takarda mai cewa "na ɗauki laifi, zan biya kaza". Kamfani na da damar cewa sulhun da aka yi a bayansa bai shafe shi ba, ku biya daga aljihu, bayan wata shida ƙafa ta ƙi, dangi su dawo.

Ban ce kada ku je dubiya ba. Ku je, ku sayi magani, wannan mutunci ne kuma yana sanyaya zuciya. Sai dai kowace takardar magani da rasit na farmasi a adana.

Su ma dangin ku faɗa musu gaskiya, don amfaninsu ne. Babban abin da ke kashe irin wannan fayil shi ne a ɗauke majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori tun ba a karɓi takardar likita ta farko ba. Ita ce ke nuna irin raunin da kwanakin da ba zai iya aiki ba. Ba ita, ba hoton ƙashi, kamfani zai ce me zai auna? Rashin aiki ma ana biyansa. Mai albashi ya kawo takardun albashinsa. Wanda ba ya iya nuna abin da yake samu, kuma yawancin masu keke haka suke, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, SMIG. Nakasa kuwa ba a auna ta sai likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya, shi ya sa karɓar kuɗi dunƙule a makon farko yakan zama asara gare su.

Duba ranar ƙarewar asirans ɗin da idonka. In ya ƙare kafin ranar hatsarin, ko da kwana ɗaya ne, jinya da diyya sun dawo wuyan direba da mai motar, nan sai ku nemi lauya tun kafin ku zauna da kowa. In kuwa asirans na da rai amma parmi ne babu, kamfani zai biya mai keke, sannan ya juyo kanku ya nemi kuɗinsa.

Kamfani ne zai fara yi wa mai raunin tayin diyya kafin a kai ga kotu. In mai raunin ya sa hannu sannan ya gano an saba wa lissafin doka, yana da kwana 15 ya warware ta wasiƙa mai rajista. Haƙƙin neman diyyar kuma yana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar hatsarin.