Filin Kicin Ɗinmu: Ya ake miyar krupnik ta mutanen Belarus?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Dan Allah taimako nake nema, yarona ne ya dawo daga ƙasar Belarus inda yayi karatun likita a garin Grodno, to tunda sanyin nan ya shigo kullum maganarshi ɗaya, wata miya da yake sha can wai ita krupnik, ta dankalin turawa da hatsi, yace da cokali ake shanta ba tuwo ba komi. Na gwada yi mishi da gero sai ta koma mani kunu, ya sha dai dan kar inji ba daɗi amma ni uwa ce na lura. Ya ake yinta ne, kuma ya halatta mu ci? Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yiwa likita albarka ya sa al'umma ta amfana da karatun nashi. Bari in fara da ta biyun dan ita tafi muhimmanci. Miyar kanta ba komi cikinta sai hatsi da dankali da karas da albasa da nama, matsalar kawai su can yawanci da naman alade ko kitsenshi suke yi, to ke sai kiyi da naman shanu ko kaza, su ma suna yi da waɗannan ɗin dan haka baki canza mata asali ba. Sai kuma abu ɗaya, in kin sa yara su duba maki a intanet zasu iya cin karo da wani abin sha mai wannan sunan da ake haɗawa da zuma da barasa a Belarus da maƙwabtanta Poland da Lithuania, wannan giya ce, ba ruwanta da miyarmu, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Kinsan ƙasar tasu sanyi gareta sosai, dusar ƙanƙara ake yi wata da watanni, kuma mutane ne masu cin dankali kamar me, suna cikin waɗanda suka fi kowa cinshi a duniya. Shi yasa abincinsu yake haka, mai ɗumi mai riƙe ciki, ba yaji ba manja ba tumatir mai yawa. In zan kwatanta maki, ƙanwar faten dankali ce, sai dai ita ruwa-ruwa ce, romon yana nan garau kina hango hatsin da dankalin a ƙasan kwano. Nan ne taki ta kuɓuce, ina kyautata zaton gero yayi yawa ko kuma ɓarzajje kika sa kika yi ta juyawa.

Hatsin da aka fi yi da shi sha'ir ne wanda aka cire wa dusa, ƙwayarshi fara-fara mai ɗan tsagi a tsaka, ki sa a duba maki a manyan kantuna na cikin Katsina ko wajen masu kayan Islamic chemist. In ba'a samu ba alkama surfaffa itace tafi kusa da shi a baki. Gero ma yana yi, su ma suna sa wani irin gero nasu mai ruwan ɗorawa, amma namu sai an surfa an wanke an rege tsaf kuma a barshi ɗai-ɗai kar a ɓarza.

Na mutum 5 zuwa 6 ki tanadi nama mai ƙashi rabin kilo, sha'ir rabin kofi (eh rabin kofi, kar ki ga kamar yayi kaɗan, kumbura yake fiye da ninki biyu), dankalin turawa madaidaita guda 5, karas 2, albasa babba 1, man shanu cokali 2, gishiri, masoro, da busasshen ganyen nan mai ƙamshi da muke jefawa a jollof, wato bay leaf, guda 2. Ruwa kamar lita 2 da rabi.

Tun dare ki jiƙa sha'ir ɗin, da safe ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye. Ki ɗora nama da ruwan sanyi, in ya fara tafasa zakiga kumfa mai duhu tana tasowa, ki bi da ludayi ki kwashe ta duka sannan ki rage wuta, dan Allah Hajiya ki rage wutar nan, ya riƙa ɗan motsi a hankali kawai, in kika barshi yana zabalbala romon zai dagule. Sha'ir ɗin ni shawarata ki fara tafasa shi a wata tukunya daban kamar minti 20 ki zubar da ruwan, zakiga ruwan yayi yauƙi-yauƙi da duhu, to wannan yauƙin ne ke maida miya kunu. Sai ki juye shi cikin romon su ƙarasa tare kamar minti 25 zuwa 30, har in kin latsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta lotsa amma bata watse ba.

Kafin nan kin fere dankali kin yanka ƙanana, ki zuba, minti 15 zuwa 20 ya isheshi. Albasa da karas kuma ki soya su sama-sama da man shanu har albasar tayi laushi man ya ɗauki kalar karas, ba'a so ta ƙone, ki juye a tukunya tare da ganyen da masoro da gishiri saura minti 10 ki sauke. In kin sauke ki rufe ki barta ta huta kwata ɗin awa, ɗanɗanon yafi haɗuwa.

Yanzu ga inda nasan hannunki zai yi ƙaiƙayi, attarugu da tattasai da kori da dunƙulen magi huɗu. Ki daure. Wallahi abinda yaron nan yake kewa shine wannan ɗanɗanon mai sanyi na romo da man shanu da hatsi, in kika cika mata kayan miya zata yi daɗi ba shakka amma ba ita ya roƙa ba. Ki ajiye yajin ki a gefe duk mai so ya barbaɗa a kwanonshi, Alhaji ma nasan sai ya nema.

Wajen zubawa su suna ɗora cokali guda na wani kirim mai tsami da suke kira smetana, da wani ganye mai laushi mai ƙamshi wai shi dil. Kindirmo mai kauri marar sikari yana maye gurbin na farko lafiya lau, amma a kwano ake sawa, kar ki zuba a tukunya kan wuta tsinkewa zai yi. Ganyen kuwa lawashi yankakke ya wadatar. Da burodi suke ci, nasu baƙi ne mai ɗan tsami, ke ki nemi wanda bai cika zaƙi ba.

TAMBAYA: Anti naji ance turawan can har laimar kwaɗi suke sawa a miya, mu ma zamu iya tsinko ta bayan gida da damina? Daga wata amarya a Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: A'a ƙanwata, kar ki kuskura. Gaskiya ne mutanen Belarus suna shiga daji su tsinko su shanya, kuma suna sawa a wannan miyar ma tana ƙara mata ƙamshi, amma su tun suna yara ake nuna musu wadda ake ci da wadda ba'a ci, kuma duk da haka ana samun masu kwanciya asibiti. Akwai masu dafin da ke lalata hanta, dafuwa bata kashe dafin, kuma a ido sai kiga kamarsu ɗaya da mai kyau. In kina so ki sayi ta gwangwani ko wadda aka noma a kanti, ki yanka ki soya tare da albasa da karas ɗin.