Rigar sojan Baba da dariyar ranar bakwai

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce ranar sadakar bakwai ta Baba kin ga 'yan uwanki jikoki sun sa rigarsa ta soja da jar hularsa, suna ɗingishi irin nasa suna sara wa mutane, mata na ta dariya, ke kuwa kunya ta kore ki ɗaki. Kina tambaya ko wannan ba wulaƙanta mamaci ba ne. Wallahi sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ke da yake kira amaryarsa, yana cewa goro biyu ne sadakinki, a ce har kin girma a Yamai ba wanda ya taɓa gaya miki wasan jika?

Ke tsoho kika tarar, mai tazbaha a zaure. Yana saurayi ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945, da kansa ya yi dakon itacen da aka kafa gidanmu a kan tudu. Ba a jima ba aka ɗauke shi sojan Faransa. Daga Dakar jirgin ruwa, ya ce har ya manta kamannin ƙasa kafin su sauka Saigon. Ya yi yaƙin Indoshin har aka gama a 1954, nan ya samo ɗingishin da kika ga ana kwaikwayo. Wasiƙa ta yanke, wani da ya dawo ya ce ya ga faɗuwarsa. Inna mahaifiyarsa, kakarmu ke nan, ta yi masa sadakar uku, ta yi bakwai, ta yi arba'in. Sai ga mutum wata safiya da akwatin ƙarfe a ka yana sallama. Har ya tsufa yana cewa shi kaɗai ne a unguwa aka ci gumbarsa yana raye, kuma ba a rage masa ko dunƙule ba.

Zama bai karɓe shi ba. Ya yi fataucin gyaɗa zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, ya bi manyan motoci har Agadas, ya tafi Makka ta ƙasa, ta Cadi da Sudan. Fanshon sojan da Faransa ta daskarar tun 1959 bai taka kara ya karya ba, da gumin gona da fatauci ya riƙe mu, mu da 'ya'yan ƙanensa da ya rasu, tukunya ɗaya, ba ka gane ɗan ciki da ɗan riƙo.

Inna ta rasu a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, ana tsakiyar fari. Ina da shekara kamar sha biyu. Hatsi ya yi wuya, gumbar sadaka ma a ƙaramar ƙwarya aka dama. Baba kwana shida yana zaune kan tabarma kamar dutse, bai zubar da hawaye ba, ruwa kawai yake kurɓa. Kowa tsoron yi masa magana yake. Ranar bakwai, wata tsohuwa ƙawar Inna ta kira mu jikoki bayan rumbu, ta ɗaura mini zanen saƙin Inna, ta shafa mini toka a ka, ta ba ni sandarta, ta ce in fita. Ƙafata na rawa na fito tsakar gida a duƙe, ina tari irin nata, na nufi Baba na buga sanda a ƙasa na ce, cikin muryarta, "Kai ɗan nema, ina kuma za ka? Na yi maka arba'in sau ɗaya, ba ni da geron na biyu!" Haka take ce masa duk ranar da ya ɗaure kayan tafiya.

Gida ya yi tsit. Na ce yau na sha duka. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa, bai gama ta ba ta juye kuka, kuka na gaske, ya rufe fuska da hannun riga. Mata suka kama, mai dariya na yi mai kuka na yi. Da ya natsu ya laluba aljihu ya ba mu dala-dala, ni ya ba ni biyar. A daren nan ya ci tuwo.

Tsohuwar nan ta ce mana, ɗa kunya ta ɗaure shi, jika ne ke kwance shi. Inna ma takan ce wanda ya ga jikokinsa sun yi jikoki a gabansa ba kwashe shi aka yi ba, sallamarsa aka yi. Shi ya sa ba a yin wannan wasa ga yaro ko matashi, ko kusa. Sai wanda ya cika kwanansa, irin Baba da ya haura casa'in.

Na san akwai malaman da ba sa son abin, har taron bakwai ɗin ma wasu sun hana, ni ba zan yi gardama da masu ilimi ba, ki tambaye su. Abin da ya sosa mini rai daban ne. Yaran nan rigar kawai suka sa, ko maganarsa ɗaya ba wanda ya iya maimaitawa, ga sauran kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Shekara nawa yana zaure yana neman mai saurare, ku shigo ku gaida shi a tsaye ku wuce. Ni ma da laifina, sau nawa ya fara labarin jirgin ruwa na ce ina da tukunya a wuta.

Rigar na wanke ta, na mayar akwatin ƙarfen tare da lambobinsa da takardar sallamarsa. In Allah ya kai mu arba'in ki taho da wuri, ki kwana biyu, kar ki yi mini zuwan yini. Akwai hotonsa na Saigon da ba ki taɓa gani ba, siriri ne a ciki kamar karan dawa.